Tsabar Kuɗin Da Ba A Buga Domin Kashewa Ba

A cikin shekarar 1950 ma'aikatar buga kuɗi ta Amurka da ke birnin Filadelfiya ta ba da sanarwa cewa duk mai dala 2 da senti 10 yana iya aiko da su, a aika masa da wani ɗan akwatin kwali mai ɗauke da tsabar kuɗi guda biyar, watau senti 1, senti 5, senti 10, senti 25 da kuma rabin dala. In an haɗa biyar ɗin senti 91 ke nan. Mutum ya ba da dala biyu da 'yan kai, ya karɓi abin da bai cika dala guda ba. Duk da haka sai da aka sayar da akwati 51,386 a wannan shekara.

Yau in aka jera rabin dala guda biyu daga cikin waɗancan akwatuna, mai karatu zai tarar nauyinsu ɗaya ne, giram 12 da rabi, azurfarsu kashi 90 cikin 100, kowanne da kan Benjamin Franklin a gaba da Ƙararrawar 'Yanci a baya. Amma a wurin gwanjo ɗaya zai tashi a kan 'yan ɗaruruwan daloli, ɗayan kuwa sai an ajiye dubbai masu yawa kafin a taɓa shi. Abin da ya raba su wani ɗan fari ne da ya kwanta a kan hoton ɗaya, bai kwanta a kan na ɗayan ba. Wannan fari, da yadda a ke auna shi, da irin dukiyar da a ke samu ko a yi asara a kansa, su ne zancen wannan fili a wannan mako.

BUGUN MUSAMMAN

Kuɗin da jama'a ke kashewa a kasuwa inji ne ke buga su da gaggawa, bugu ɗaya tak, su zubo cikin mazubi suna karo da juna, a ɗura su a buhu. Tun kafin su bar ma'aikata sun riga sun kwashi tabo. Akwai kuma wani bugu dabam wanda Turawa ke kira furuf, shi ne za a kira bugun musamman a nan. Sunan yana nufin hanyar da aka bi aka ƙera kuɗin. Saboda haka kwabon kasuwa, kome sabuntarsa da ƙyallinsa, ba ya zama bugun musamman, shi kuwa bugun musamman ko ya tsufa ya goge sunansa bai sake ba.

Ga yadda a ke yin sa. Hatimin ƙarfe guda biyu ke buga kuɗi, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, kowanne an sassaƙa hoton a cikinsa ya lotsa. In za a yi bugun musamman, sai a goge shimfiɗaɗɗen filin hatimin da garin lu'ulu'u har mutum ya ga fuskarsa a ciki. Fallayen ƙarfen da za a buga su ma a wanke su, a goge. Sa'an nan ma'aikaci ya riƙa sa su cikin inji ɗaya bayan ɗaya, a buga kowanne aƙalla sau biyu, a hankali, domin ƙarfen ya shiga kowane lungu na hatimin. Ma'aikatar buga kuɗi ta Ingila takan kai har bugu shida a kan ƙwaya ɗaya. In an gama a ɗauke shi da safar hannu ko da hantsaki mai taushi, ba a bari ya taɓa ɗan'uwansa. Abin da ke fitowa fili ne sumul kamar madubi, rubutu tsaf, da baki mai kaifi a tsaye.

A farkon al'amari domin gwada sabon hatimi a ke yin irin wannan bugu, ko domin a nuna wa hukuma, ko a yi wa manya kyauta. A shekarar 1834 gwamnatin Amurka ta sa aka buga jerin kuɗinta ta wannan hanya domin a kai wa Sarkin Siyam, ƙasar da a ke kira Tailan yanzu, da kuma Sultan na Maskat, don neman huldar ciniki da su. A cikin kowane akwati akwai dala ta azurfa mai ɗauke da shekarar 1804, ko da ya ke shekara 30 bayan haka aka buga ta. Wadda aka kai wa Sultan na Maskat an yi gwanjonta a 2021 a kan dala miliyan 7 da dubu 680. Daga 1858 ne ma'aikatar Filadelfiya ta buɗe wa kowa ƙofar sayen bugun musamman.

FARI A KAN BAƘI

Kamiyo kuwa tsohuwar sana'a ce ta masu sassaƙa duwatsun ado tun zamanin Girkawa da Rumawa. Sukan sami dutse mai hawa biyu, dangin wanda a ke yin tsakiya da shi, samansa fari ƙarƙashinsa duhu, su sassaƙa fuskar mutum a farin, su kankare sauran har duhun ya bayyana. Sai ka ga farar fuska ta taso a kan baƙin fili. Masu tara tsabar kuɗi suka ari sunan suka ba bugun musamman wanda hotonsa da rubutunsa suka yi fari fat kamar raɓa ta kwanta musu, filin kuwa ya yi baƙi wuluk in an karkata shi a gaban fitila.

Babu fenti a jikinsa ko kaɗan, aikin haske ne kawai. Filin da aka goge madubi ne, hasken da ya faɗa masa gefe guda ya ke komawa, in bai komo cikin idon mai kallo ba sai wurin ya yi duhu. Hoton kuwa fuskarsa na da ƙananan ƙurajen da ido ba ya rarrabewa, su ke watsa haske ta kowace fuska, shi ya sa ko ta ina aka dube shi fari ne.

A shekarun 1950 da 1960 ba da niyya ma'aikatar Filadelfiya ke samar da wannan fari ba. Sukan tsoma sabon hatimi cikin ruwan asid da aka tsarma, ya ɗan ci fuskarsa duka. Sa'an nan a goge filin, amma lotsattsen wurin da hoton ya ke abin guga ba ya kai masa, sai ya zauna da kaushinsa. Ƙwayoyin farko da hatimin ya buga su ke kwashe wannan kaushi sosai. Da bugu ya ci gaba, ƙarfe na gugar ƙarfe, sai farin ya yi ta raguwa har ya gushe, ɗaruruwa da dubban da za su biyo baya su fito da ƙyalli ko'ina, hoto da fili duk ɗaya. Wani lokaci a kan cire hatimin a sake tsoma shi a goge, farin ya dawo na ɗan lokaci. Ga kuma wata matsala: hatimin gaba da na baya ba lalle ne a sauya su rana ɗaya ba, don haka sau da yawa gaba na da fari baya babu, ko baya na da shi gaba babu. Samun ƙwayar da ta haɗa fari mai kauri a fuska biyu sai an dace.

Su ma'aikatan ba su ware waɗannan ba. Cikin akwati ɗaya da sauran su ke tafiya, a kan farashi ɗaya. Wanda ya aika dala 2 da senti 10 bai san abin da zai zo masa ba, da yawa kuma ba su kula da bambancin ba sai bayan shekaru. Littafin da wani ɗan kasuwar wannan fanni, Rick Tomaska, ya fitar a 1991 a kan bugun musamman na 1950 zuwa 1970 yana cikin abubuwan da suka jawo hankalin jama'a ga wannan sha'ani.

SHEKARU BA ƊAYA BA NE

Wanda zai shiga wannan harka tilas ya san shekaru. Daga 1936 zuwa 1942 an yi bugun musamman a Filadelfiya, a 1936 jeri 3,837 kacal aka sayar, kuma kamiyo a waɗannan shekaru abu ne mai wuyar gani ƙwarai. Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da aikin, ba a koma ba sai 1950. Daga nan sha'awa ta yi ta ƙaruwa: jeri 128,800 a 1953, jeri 669,384 a 1956, a 1957 aka haye miliyan guda karo na farko, a 1964, shekarar da kan Shugaba Kennedy ya maye gurbin na Franklin, aka kai 3,950,762. A tsakiyar 1955 aka bar akwatin kwali aka koma rufe kuɗin cikin shimfiɗaɗɗiyar leda a sa a ambulan, wannan ya taimaka wajen kare su daga karce.

Sai dai yawan bugu bai nuna yawan kamiyo. Rabin dalar 1959 an buga fiye da miliyan guda, amma mai kamiyo mai zurfi a cikinta yana cikin mafi wuyar samu a duk jerin Franklin. Ta 1956 kuwa, wadda ba ta kai ta yawa ba, tana cikin waɗanda aka fi samu da fari mai kyau. Abin ya danganta ne ga yadda aka kula da hatimai a kowace shekara. Na 1950 zuwa 1952 sun haɗa wuya biyu, ga ƙarancin bugu ga ƙarancin fari.

Daga 1965 zuwa 1967 ba a yi bugun musamman ba, domin ƙasar ta shiga ƙarancin tsabar kuɗi, a lokacin ne kuma doka ta cire azurfa daga senti 10 da senti 25. A 1968 aka mayar da aikin birnin San Faransisko, aka riƙa sa harafin S a jikin kuɗin. Cikin shekarun 1970 ma'aikatar ta gane cewa masu saye na son wannan fari, sai ta shiga yin sa da gangan, ana fesa wa hatimi yashi mai laushi, a shafe shi da ƙarfen kurom don kada ya goge da wuri. Kafin ƙarshen shekarun nan kusan kowane bugun musamman na Amurka da kamiyo mai zurfi ya ke fitowa. Daga baya ma aka koma zana kaushin da hasken leza. A 2006 suka fito da akasinsa, hoto madubi fili fari. Abin lura a nan shi ne, lakabin kamiyo mai zurfi a kan kuɗin 1951 babban abu ne, a kan na 1991 kuwa abin da a ke tsammani ne, bai ƙara masa daraja ta a zo a gani ba. Da yawan sababbin shiga a nan su ke fara tuntuɓe.

MA'AUNI DA MASU AWO

Kamar yadda manomi ya san auduga lamba ɗaya da lamba biyu ba farashinsu ɗaya ba a wurin awo, haka tsabar kuɗi ke da lambobi. Ma'aunin da a ke aiki da shi wani likita ne, William Sheldon, ya tsara shi a 1949 domin tsofaffin sentocin jan ƙarfe na Amurka. Ya jera daraja daga 1 zuwa 70, bisa lissafinsa na cewa wanda ba shi da aibi ko kaɗan ya ninka mafi lalacewa sau 70 a farashi. Wannan lissafi kasuwa ta daɗe da rushe shi, amma lambobin sun zauna. Ƙungiyar masu tara kuɗi ta Amurka, ANA, ta karɓe su ta buga ƙa'idojinta a 1977.

Bugun musamman wanda bai shiga hannun jama'a ba yana tsakanin 60 da 70. Na 60 ya cika da karce, madubinsa ya dushe. Na 63 ana ganin aibinsa da ido amma yana da kyan gani. Daga 65 a ke fara kiransa zaɓaɓɓe. Na 67 da 68 sai an nema kafin a ga tabo. Na 69 aibinsa da ƙyar a ke gano shi, na 70 kuwa ko an sa gilashi mai ninka girma sau biyar ba a ganin wani lahani da ya same shi bayan ya fito daga inji. Wanda aka kashe a kasuwa ya goge, ƙasa da 60 a ke ba shi.

Kafin 1986 galibi ɗan kasuwa shi ke ba kayansa lamba, kuma sanin kowa ne mai sayarwa ba ya ganin aibin hajarsa. Abin da aka sayar wa mutum a kan 65, ran da ya komo sayarwa sai a ce masa 63 ne. A 1986 aka kafa kamfanin PCGS a jihar Kalifoniya, a 1987 aka kafa NGC, wanda ya fara a Niyu Jazi daga baya ya koma Fulorida. Aikinsu shi ne a aiko musu da kuɗi, masana fiye da ɗaya su duba ba tare da sanin mai shi ba, su tabbatar ba jabu ba ne, su ba shi lamba, sa'an nan a rufe shi cikin gidan roba garai-garai wanda ba a buɗewa sai an fasa, da takarda mai lambar shaida a ciki. Da wannan mutum ya iya sayen abin da bai riƙe a hannu ba.

Lambar dabam, lakabin kamiyo dabam. Mataki uku ne: babu lakabi, kamiyo, da kamiyo mai zurfi, wanda PCGS ke rubuta DCAM, NGC kuwa ta rubuta Ultra Cameo. Sharaɗin shi ne farin ya game fuska biyu, kuma fuskar da ta fi rauni ita ke yanke hukunci. A kan rabin dalar Franklin masu awo sukan duba kunci da gashin kai, su juya su duba jikin ƙararrawa da rubutun da ke kewaye, ko akwai wurin da farin ya yanke ƙyalli ya leƙo. Su duba filin kuma, ko madubin na da zurfi. Ana yin wannan duba ne a ɗaki mai duhu, ƙarƙashin fitila guda, a riƙe kuɗin ta bakinsa ana karkata shi ana juyawa, domin siraran karce masu kama da silin gashi ba sa bayyana sai haske ya faɗo musu ta wata kusurwa. Tun da ya ke abu biyu a ke aunawa, sau da yawa mai lamba 65 da kamiyo mai zurfi ya fi mai lamba 67 maras lakabi tsada nesa ba kusa ba.

INDA A KE ASARA

Masu awon nan mutane ne, kuma tsakanin kamiyo da kamiyo mai zurfi babu wani layi da aka ja da inji. Ƙwaya ɗaya tana iya samun lakabi yau, a fasa gidanta a sake aikawa ta dawo da wani. Akwai 'yan kasuwar da sana'arsu ke nan, su yi ta fasawa suna aikawa har a dace. Illar wannan ita ce ƙididdigar da kamfanonin ke bugawa, ta yawan ƙwayoyin da suka sami kowace lamba, takan haura gaskiya, domin an ƙirga abu ɗaya sau uku. Saboda irin wannan saɓani ne a 2007 aka kafa wani kamfani, CAC, wanda ya fara da duba kuɗin da aka riga aka rufe, in ya yarda da lambar ya manna masa koren tambari.

Gasa ma ta shigo. A 2001 PCGS ta buɗe rajista inda masu tarawa ke jera abin da su ke da shi ana ba su matsayi, kowa na son sunansa a sama. Sai farashin ƙwayar da ta fi kowa lamba ya haukace. A 2003 aka yi gwanjon senti guda na 1963, wanda an buga irinsa fiye da miliyan uku, a kan kusan dala 40,000, domin an ba shi lamba 70 da kamiyo mai zurfi. Jan ƙarfe kuwa ba ya zama yadda aka bar shi. Tabo ya fito masa a cikin gidan robar, har kamfanin ya saye shi ya janye shi daga kasuwa. Haka nan dalar azurfa mai gaggafa ta 1995 mai harafin W, wadda aka buga 30,125 kacal: a 2013 ɗaya mai lamba 70 ta haura dala 86,000, amma da masu wannan lamba suka yi ta ƙaruwa farashin ya faɗo ƙasa warwas. Tun kafin wannan, waɗanda suka zuba dukiya a 1989, sa'ad da kasuwar ta kai ƙololuwa, da yawansu sun ga rabin kuɗinsu ko fiye ya narke cikin 'yan shekaru.

Sai kuma 'yan damfara. Wasu sukan shafa wa hoton wani sinadari ya yi fari na ƙarya. Irin wannan farin yakan tsallaka kan fili, ba ya kwanciya daidai, bayan wani lokaci kuma ya sake launi. Wasu su ɗauki kuɗin kasuwa su goge shi da inji su ce bugun musamman ne, alhali guga tana dakushe rubutu, tana sa hoto da fili su yi ƙyalli iri ɗaya, bakin kuma ba ya yin kaifi. Tun wajajen 2008 har gidajen robar kansu aka shiga yin jabunsu. Kama da wane ba ta wane. Kowane gida na gaskiya yana da lambar shaida da za a iya bincikawa a shafin kamfanin na intanet, sau da yawa har da hoton ƙwayar, kuma mai hankali yakan gwada hoton da abin da ke hannunsa kafin ya biya. In aka tallata wa mutum kamiyo mai zurfi na 1950 a kan kuɗin cefane, ya tuna araha ba ta ado.

ABIN DA YA SHAFI GIDA

Nijeriya ma tana da nata bugun musamman. A 1959, shekarar da Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki, aka fito da kuɗin Tarayya na farko: ɗari da kwabo masu huda, taro mai kusurwa 12 da hoton auduga, sisi mai koko, sule mai ganyen kwakwa, da fataka mai gyaɗa. Ma'aikatar buga kuɗi ta Ingila ta buga jerinsu na musamman ta sa a akwati domin masu tarawa. Haka aka sake yi wa kwabbai na 1973, sa'ad da naira ta maye gurbin fam. Masu tarawa a ƙasashen waje suna neman waɗannan jeruna, kuma da ma'aunin nan na 70 a ke auna su. Ita ma dalar Mariya Tariza, wadda fatake suka kawo ƙasar Hausa ta hanyar sahara, maƙeran fari suka yi ta narkawa suna ƙera mundaye da zobba, har yanzu ana buga ta a Biyana ta ƙasar Ostiriya da shekarar 1780 a jikinta. Don haka ganin 1780 bai tabbatar da tsufanta ba.

Mafi yawan tsofaffin kuɗin da ke cikin gwangwanaye da adakokin gado a gidaje na kasuwa ne, an buga su miliyoyi, darajarsu ta tarihi ce da tunawa da iyaye. Amma ba abin mamaki ba ne a sami akwatin bugun musamman a kayan tsohon ma'aikacin banki, ko wanda ya yi karatu a Ingila, ko wanda aka taɓa yi wa kyautar ban kwana. Abu na farko da ke zuwa wa magaji a rai shi ne ya wanke su su yi haske, da toka ko lemon tsami ko tsamiya, yadda a ke wanke kwanon tagulla. A nan ne a ke barna. Madubin bugun musamman ko ƙyalle mai laushi aka goga masa sau ɗaya ya bar siraran karce da ba su gyaruwa har abada, yatsa in ya taɓa filin maiƙonsa yakan ci ƙarfen ya bar zane. Kamfanonin awo ba sa ba kuɗin da aka wanke lamba, sai su rubuta a jikin takardarsa cewa wankakke ne, farashinsa ya faɗi. Duhun da shekaru suka sa wa azurfa kuwa masu saye ba sa ƙinsa, wani lokaci ma ƙari su ke yi a kansa. Garin neman gira a ke rasa ido.

Saboda haka wanda ya tsinci irin wannan kaya ya bar shi cikin akwatinsa ko ledarsa ta asali, kada ya buɗe. In tilas ta sa a ɗauka, a riƙe ta baki, a bisa wani abu mai taushi kamar karan-miski, kada a yi magana ko numfashi a kansa. A nisanta shi daga laima da hayaƙi, kada a sa shi cikin leda mai laushi irin wadda ke fitar da maiƙo kore in ta daɗe. Kada kuma a huda shi don abin wuya, kada a kai wa maƙeri. A Janairun 1980, sa'ad da farashin azurfa ya kusa dala 50 kowace oza, kuɗin azurfa masu ɗimbin yawa aka narkar a Amurka da Turai domin nauyinsu kawai, ciki har da bugun musamman, abin da aka narkar kuwa ba ya dawowa.

Mai sha'awar fara tarawa kuma zai fi masa alheri ya soma da masu araha, kamar rabin dalar 1962 ko 1963, ya sami mai kamiyo da maras shi ya jera su ƙarƙashin fitila ɗaya har idonsa ya saba, domin gani ya kori ji. Ya dubi ƙwayar kafin ya dubi takardar, ya binciki abin da irinta ta tashi a gwanjon baya, kuma kada ya sa kuɗin abincin iyali ko na makarantar yara a cikin abin da farashinsa ya dogara ga sha'awar wasu mutane a wata ƙasa. In kunne ya ji, gangar jiki ta tsira.